Gwangwani na Huɗu

Duk wanda ya kwana biyu a Pellam sai an ba shi labarin gudun Zomo, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ba mu da wani abin nuna wa baƙo. Injin yankan katako ya mutu tun tuni, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, matasa sun watse Houston da Dallas neman abinci. Abin da ya rage mana shi ne gudun da wani yaro, Ardell Whitlow, ya yi da ƙwallo a hammata a wasan ƙwallon Amurka, ranar wata Asabar cikin shekarar 1974. In aka gama ba ka labarin kuma, da magana ɗaya ake rufewa: "In ba ka yarda ba, je ka tambayi Lemuel Pettaway. Shi ya ɗauka a fim."

Lemuel yana ɗan shekara huɗu shan inna ta same shi, ta bar masa ƙafar hagu gajera, siririya, sai da takalmi mai tudu yake daidaita tafiya. A garin da ake auna namiji da abin da ya yi a filin ƙwallo, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Bai taɓa yin gudu ba tunda aka haife shi. Ko kare ne ya biyo shi, sai dai ya tsaya su yi ta ta ƙare. Da ya girma ya samu aikin shara a makarantar sakandare, kullum da la'asar kuma yana jikin wayar shingen fili da tsintsiya a hannu, yana kallon yara suna atisaye. Koci Mabry, mai horar da su, ya gaji da ganinsa a wurin, ran nan ya kira shi ya damƙa masa kyamarar makaranta.

"Ba kallo na ɗora ka ka yi ba," in ji Koci. "Ido ɗaya a ramin kyamara, ɗaya a rufe. Da an miƙa ƙwallo ka danna, da an busa usur ka saki. Mutum ashirin da biyun nan duk nake so in gani, ba gwaninka kaɗai ba. Ka ji ko?"

Ya ji. Duk ranar wasa sai ya hau tsani da ƙafar nan tasa, ya kafa kyamara a kan rufin rumfar 'yan kallo. Wasa kashi huɗu ne, kowane kashi da gwangwanin fim ɗinsa. In an tashi sai ya kai su tasha, bas ta tafi da su birni a wanke, ranar Litinin su dawo Koci ya haska a majigi, ya nuna wa kowane yaro kuskurensa. Shekara biyar Lemuel yana wannan aiki babu wanda ya taɓa kuka da shi. Sannan Ardell ya shigo makarantar.

Ɗan gajere ne mai kaurin cinya, aikinsa a ba shi ƙwallo ya ratsa ƙattai da ita. Masu gudu da yawa a Texas, kowane ƙauye da nasa. Abin da ya raba Ardell da su shi ne ya iya tsayawa. Yana cikin tsala gudu sai ya tsaya cak, ƙaton da ya taho zai danne shi ya rungumi iska ya kife, shi kuma ya riga ya canza hanya. Nan ya samo sunan Zomo. Makarantun da suka kara da mu sun tabbatar kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuwa gudun kawai suka ci. Lemuel ya so yaron nan, so na gaske, har da ɗan zafi a ciki. Duk abin da aka hana ƙafarsa, ga shi an tara wa yaro ɗaya, amma ko sau ɗaya bai ji hassada ba. In Ardell ya kauce wa mutum, Lemuel yakan ji abin har cikin gajeriyar ƙafarsa.

Ranar da ake magana, wasan ƙarshe ne na shekara, kuma na ƙarshen Ardell a makarantar. Baƙi suna gabanmu da maki huɗu, saura ƙasa da minti ɗaya, tsakanin ƙwallo da layin ci yadi tamanin da takwas. Tsofaffi har sun fara naɗe barguna. Aka miƙa wa Ardell. Ya yi dama, ya tarar ƙattai huɗu sun toshe hanya, sai ya tsaya, ya juya.

Shekara uku Lemuel yana ganin yaron ta wani rami da bai fi bakin kwalba ba, ɗan mitsitsi kamar tururuwa. A daidai juyawar nan zuciyarsa ta ce masa yau ce ta ƙarshe, kuma bai taɓa ganinsa da ido biyu ba. Sai ya ɗaga kai. Yatsansa yana kan madanni, kyamara tana ta kukanta, amma bakinta yana nan gefen dama inda ya bar shi. Ya ga Ardell ya ratsa filin a karkace, ya sunkuya ta ƙarƙashin hannun wani, ya tsallake wanda ya faɗo masa a ƙafa, ya yi kamar zai fita waje har mutum biyu suka riga shi fita, sannan ya miƙe. Da ya miƙe ɗin nan ba a ƙara maganar kamu ba. Lemuel ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Sai da aka busa usur ya tuna da abin da ke ƙarƙashin yatsansa.

Ranar Litinin da rana, su biyu suka kalli gwangwani na huɗu a ɗakin ajiye kayan wasa, shi da Koci. Ardell ya fito, ya yi dama, ya juya, ya fice daga hoton. Daga nan sai ciyawa. Daƙiƙa goma sha huɗu na ciyawa, da wasu ƙattai biyu da suka faɗi suna miƙewa a hankali, suna kallon wani abu can hagu. Koci ya kashe majigi.

"Kallo ka yi ko?"

"Kallo na yi, Koci."

"To kai kaɗai ka mora. Ɗauke shi daga gabana. In mutanen garin nan suka ji, daga saman rumfar nan za su jefo ka."

Bai kore shi ba, bai kuma gaya wa kowa ba, har ya mutu bayan shekara shida. Lemuel ya kai gwangwanin gida ya sa a ƙasan durowa. Da farko in aka tambaye shi sai ya ce Koci ya ce a adana. Daga baya ya koma cewa hasken majigi yana cin fim, duk haskawa ɗaya yana rage masa kwana. Ardell kuwa ya wuce jami'a, ya wuce wasan ƙwararru, shekara tara ƙasar nan kaf tana kallonsa a talabijin. Da sunansa ya cika duniya, 'yan talabijin suka zo har Pellam neman fim ɗin. Lemuel ya ce ba zai bayar ba. Gari ya ɗauka, ana cewa ga mutum mai amana, ya hana a kwashe kayan gari a kai birni.

Ba na cewa Lemuel maƙaryaci ne irin na bakin kasuwa. Tsoro ne ya fara rufe masa baki, daga baya daɗi ya riƙe shi. Mutumin da yara suka saba kwaikwayon tafiyarsa, yau shi ake tashi a ba kujera a shagon askin Purvis. Kuma babu mai ba da labarin gudun kamarsa, don shi daga sama ya gani. Wasu sun ce takalmin Ardell ɗaya ya cire a hanya, wasu sun ce mutum tara suka taɓa rigarsa. In gardama ta yi zafi sai a juyo ga Lemuel, abin da ya faɗa shi ke nan. Bai yi aure ba. Ya zauna da yayarsa Vernice, wadda mijinta ya rasu, ita kaɗai kuma ta san abin da ke cikin gwangwanin, don ya taɓa faɗa mata cikin wani zazzaɓi da ya zaci ba zai tashi ba.

Duk watan Nuwamba Ardell yakan dawo gida wasan tsofaffin ɗalibai, a babbar mota, ya rungume Lemuel har ya ɗaga shi sama.

"Yaya Lemuel, wai yaushe zan ga fim ɗina?"

"Sai ka daina wasa."

Da ya daina wasa, amsar ta koma: "Yanzu me za ka yi da shi? Bari sai ka yi furfura, ƙafa ta gaza, sannan ka zauna ka ga abin da ka yi da ita."

Ardell ya yi dariya ya ce ya yarda. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har zuwan nasa ya fara ja baya, sannan ya yanke. Labari ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan: dukan da kansa ya sha cikin hular kwano ya fara tambayarsa, yana mantuwa, an taɓa tsintarsa a bakin titi bai san hanyar gidansa ba. Mu da muka yi ta tafi duk lokacin da aka yi karo da shi ya miƙe, ba mu son wannan hirar, sai mu koma ta gudun.

Wata safiya cikin Satumba, shekara arba'in da biyu bayan wasan, Lemuel yana kujerarsa a shagon Purvis suna aikin da suka saba.

"Kai Purvis, wannan aski ne ko sassabe? Dubi ƙeyar bawan Allah."

"Ji mai magana! Kai da kanka ya fi tafin hannuna santsi, me ke kawo ka kullum in ba shan kofin banza ba?"

"Kofin naka da ya yi kama da ruwan wanke tukunya? Taimakonka nake yi."

Ana cikin dariya wata mace ta shigo, da idon wadda ta daɗe ba ta samu isasshen barci ba. Ta gaida kowa, ta durƙusa gefen kujerar Lemuel, ta ce ita ce Renita, 'yar Ardell. Ta ce babanta yana gidan kula da marasa lafiya a Houston, likitoci sun ce ba gyara. Ta sha kunna masa wasanninsa na talabijin, sai ya ce wannan ba shi ba ne, shi ja da fari yake sawa, rigar Pellam.

"Sunana ma wata rana sai ya laluba," in ji ta. "Amma kullum da safe sai ya ce, Lemuel ya kawo fim? Ya ce ka ce sai ya yi furfura. Baba Lemuel, kansa ya yi fari fat. Don Allah."

Lemuel ya ce majiginsa ya lalace.

"Wane irin lalace?" in ji Purvis. "Na coci yana nan lafiya lau. Ni zan tuƙa ka ma. Haba, ashe da rabon in ga abin nan kafin in mutu!"

Lemuel ya ce ƙwan fitilar na coci ya yi zafi da yawa, zai ƙone fim, sai an aiko da wani daga nesa. Renita ta rubuta masa lambarta, ta yi godiya har sau uku, ta tafi.

A gida Vernice tana soya tarwaɗa, ta saurare shi har ya gama ba ta juyo ba.

"To, ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ga ka a ƙarshensa. Sai ka shirya ka je."

"In je in ce masa me, Yaya?"

"Abin da ya faru. Ka ce ka kalle shi ne. Wa ya taɓa fushi don an kalle shi?"

"Purvis fa? Mutanen gari fa?"

Sai a lokacin ta juyo, da cokali a hannu. "Oho! Ashe kujerar shagon aski kake wa kuka. Yaron mutane yana can yana kiran sunanka, kai kana nan kana lissafin wa zai ba ka kofi. Ka ji tsoron Allah, Lemuel."

Bai ci tarwaɗar ba. Ya yi tunanin ya ce fim ɗin ya ruɓe, tunda tsohon fim yakan yi hakan, ya yi tsami ya manne. Ya buɗe gwangwanin yana fatan haka, ya tarar da shi garau, saboda shi da kansa ya yi ta ririta shi daga zafi da laima. Wata rana ya kai shi bayan gida wurin durom ɗin da suke ƙona shara, har ya ƙyasta ashana. Ya kasa. Daƙiƙa ukun farko Ardell yana ciki, da ja da farinsa, ko da yake fim ɗin ba ya nuna launi.

Mako tara ya yi yana ja. Renita ta kira sau biyu, ya ce ƙwan fitila yana hanya. A na uku ba ta roƙe shi ba. Cewa kawai ta yi: "Baba Lemuel, ya daina tambaya." Ya ajiye wayar, ya zauna a bakin gado, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar uwarsu. Washegari ya gaya wa Purvis su tafi.

Purvis ya rufe shago ranar Asabar, abin da bai taɓa yi ba, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Tafiyar awa uku ce, yana ta zuba, yana cewa yau za a san gaskiyar maganar takalmi. Sau biyu Lemuel ya buɗe baki zai faɗa masa, sau biyu ya koma kallon itatuwan bakin hanya, gwangwanin yana kan cinyarsa.

Sun tarar da Ardell a kujera kusa da taga. Kafaɗun suna nan, amma cinyoyin sun zube cikin wando.

"Baba, ga Baba Lemuel ya zo," in ji Renita. "Ya kawo fim ɗin."

Ardell ya dube su ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, yadda ake duban masu zuwa duba mitar wuta. "Sannunku da zuwa," ya ce.

Renita ta ja labule. Lemuel ya zura fim a majigi, ya kunna. Ga filin Pellam a jikin bango. Ga Ardell ya karɓi ƙwallo, ya yi dama.

"Ga shi nan! Ga shi nan!" in ji Purvis, ya miƙe tsaye.

Ardell na bango ya juya, ya fice. Ciyawa ta cika bangon. Ƙattai biyu suna miƙewa a hankali.

"Ina yaron? Lemuel, ya tsallake ne? Mayar da shi baya."

Fim ya ƙare, jelarsa tana dukan majigi, fat, fat, fat. Lemuel ya kashe. Yana tsaye, ya faɗi komai, tun daga ɗaga kan da ya yi har ashanar da ya ƙyasta. Maganar da ya ɗauka tana da tsawo, ko minti biyu ba ta ci ba.

Purvis ya ɗauki hularsa. "Shekara arba'in da biyu, Lemuel. A shagona." Ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Renita ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Da ka zo a Satumba ka faɗa masa wannan da bakinka, wallahi dariya zai yi. A lokacin ya san ka."

Lemuel ya ja kujera, ya zauna gaban Ardell, ya kama hannunsa. "Ardell, na cuce ka. Ka yafe mini."

"Me ka yi mini, dattijo? Ba komai, ba komai." Ya bubbuga hannun Lemuel, hankalinsa yana kan bangon. "Mutanen nan biyu da suka faɗi, me suke kallo ne haka?"

Lemuel ya dubi Renita. Ta kau da kai, amma ba ta hana shi ba. Sai ya fara. Ya ba da labarin yadda ya gan shi daga saman rumfa, bai ƙara ko gishiri ba: wani yaro ne, an ba shi ƙwallo, saura ƙasa da minti ɗaya. Ya faɗi tsayawar, da juyawar, da sunkuyawar ƙarƙashin hannu, da mutum biyun da suka riga shi fita waje. Ardell ya matso gaba, baki a ɗan buɗe, ƙafafunsa cikin silifa suna ɗan motsi a kan daɓe.

"Ya kai?" ya tambaya.

"Ya kai."

"Ba wanda ya kama shi?"

"Ko rigarsa ba a riƙe ba."

Ardell ya jingina da kujera, ya girgiza kai, fuskarsa cike da murna.

"Kai, ka yi sa'a, dattijo," ya ce. "Na so a ce ni ma na ga yaron nan."